Wa Ke Share Sararin Birni, Dokar Hana Motoci Ko Iska?

Da yammacin 7 ga Disamba, 2015, mahukuntan birnin Beijin suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka ayyana jan gargaɗi, wato mataki mafi tsanani a tsarinsu na faɗakarwa kan gurɓatar iska. Washegari da bakwai na safe doka ta hau kan kowa. Aka shawarci makarantu su rufe, aka tsayar da aikin gine-gine na fili, aka kuma raba motocin gida biyu: rana ɗaya ta masu lambar da ta ƙare da cika, irin su 2 da 4 da 6, rana ɗaya ta masu mara, irin su 1 da 3 da 5. Ranar 10 ga wata da tsakar rana aka ɗage dokar, sama ta washe, mutane suka sake ganin kan dogayen benaye. Sai dai a daidai wannan lokacin ne iskar sanyi ta taso daga arewa ta ratsa birnin, kuma tun farko masu hasashen yanayi sun faɗi zuwanta, da ita ma aka auna ranar ɗage dokar. To wa ya yi sharar, doka ko iska?

Mai mulki ya fi son a ce doka ce. Direban da aka hana fita kuwa zai rantse maka iska ce. Kafin a raba wannan gardama sai an fara lura da wani abu da kowa ke gani amma ba kowa ke tsayawa a kansa ba. Motocin da suka cika titi ranar Litinin, sama na garau, su ne dai suka cika shi ranar Alhamis da mutum ba ya hango ƙarshen layinsu. Masana'antu ba su ninka aiki sau biyar cikin kwana uku ba. Hayaƙin da birni ke fitarwa kusan ɗaya ne kullum. Abin da ke canjawa shi ne girman ɗakin da hayaƙin ke taruwa a ciki, kuma yanayi ne ke riƙe da makullin ɗakin.

A bisa al'ada, iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka yi sama, kimanin digiri shida da rabi a kowace kilomita ɗaya. Rana ta dumama ƙasa, ƙasa ta dumama iskar da ke dab da ita, iskar mai ɗumi ta fi ta samanta rashin nauyi sai ta tashi, ta tafi da hayaƙin salansa da na bututun masana'anta. Da rana tsaka wannan gauraya takan kai tsayin kilomita ɗaya ko biyu, hayaƙi ya tsinke a ciki kamar ɗigon tawada a randa. A daren hunturu mai tsawo, wanda babu gajimare kuma babu motsin iska, lamarin yakan juye. Ƙasa ta saki zafinta da sauri, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, mai ɗumi kuma ta zauna a bisanta. Mai sanyi ba za ta iya ratsa mai ɗumi ta hau ba. An yi wa birni murfi ke nan.

Ana iya ganin murfin nan da ido. Dubi bututun hayaƙi da sassafe a irin wannan rana: hayaƙin zai miƙe sama 'yan mitoci, sai ya tsaya cak, ya lanƙwashe, ya bazu a kwance kamar ya bugi rufin ɗaki. Wanda ya taɓa sauka a jirgin sama a birni mai hazo ya san layin nan ta taga, sama shuɗi ne tas, ƙasa kuma wani shimfiɗaɗɗen abu ruwan ƙasa-ƙasa mai kai a daidaice kamar an sa wuƙa an yanke, jirgi ya nutsa cikinsa rana ta koma kamar tsohon kwabo.

Murfin dare kan fashe da hantsi idan rana ta yi ƙarfi. Wanda ke kashe mutane shi ne na kwanaki, wanda ke zuwa idan wani babban curin iska mai nauyi ya zauna a kan yanki ya ƙi gusawa. A cikinsa iskar sama tana saukowa a hankali, tana matsuwa tana ɗaukar ɗumi, sai ta danne ta ƙasa kwana uku, huɗu, har mako. Idan aka yi rashin sa'a birnin na cikin kwari, duwatsu sun zama bangon tukunya. Birnin Meziko na zaune a tsayin kusan mita 2,240 cikin da'irar tsaunuka. Tehran na jingine da tsaunukan Alborz. Beijin na da duwatsu ta arewa da yamma, kudu kuma a buɗe take ga lardin Hebei mai masana'antun ƙarfe da siminti, don haka iskar kudu mai rauni kan kwaso hayaƙin lardin ta jibge shi a gindin duwatsu, iskar arewa mai ƙarfi ce kaɗai ke kwashe shi. Delhi kuma tana cikin shimfiɗaɗɗen filin kogin Ganga, tsaunukan Himalaya sun tare arewa.

Ga ɗan lissafi, na misali kawai, amma shi ne zuciyar maganar. A ce murfi ya sauko daga mita 1,500 zuwa mita 300. Hayaƙin da ya saba bazuwa a ɗaki biyar yanzu ya cunkushe a ɗaki ɗaya, gurɓata ta ninka sau biyar. A ce kuma gudun iska ya ragu da rabi, ta sake ninkawa sau biyu, ta zama goma. Yanzu kawo doka. A ce motocin gida ne ke kawo kashi 20 cikin 100 na ƙurar da ake shaƙa, aka hana rabinsu fita, kuma kowa ya bi doka babu ko ɗaya da ya yi dabara. An rage kashi 10 cikin 100. Yanayi ya ninka abu sau goma, doka ta gutsure ɗaya bisa goma. Wannan rashin daidaiton ƙarfi ne ya sa mutum kan leƙa taga a rana ta biyu ta dokar ya ce bai ga wani bambanci ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Hazo ma yana ciyar da kansa. Da ya yi kauri sai ya tare hasken rana, ƙasa ta kasa ɗumi, murfin da ya kamata ya fashe da hantsi ya wuni, gobe ya ƙara saukowa. Laima na ƙara dagula al'amari. Ƙananan ƙwayoyin ƙura suna shan danshi su kumbura, gani ya ƙara raguwa, kuma a cikin ɗigon ruwan nan ne iskar farar wuta da ke fita daga kwal ke rikiɗa ta zama sabuwar ƙura. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke iska, amma raɓa da hazon ruwa abokan gurɓata ne.

Haka ta faru a Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. An yi sanyi, kowane gida ya ƙara kwal a murhu, kwal ɗin kuma mai arha ne mai yawan farar wuta, sai murfi ya rufe. A wasu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin bas da suka yi ƙarfin halin fita sai da kwandasta ya sauka yana tafe a gaba da fitila, daga baya ma suka haƙura. Motocin ɗaukar marasa lafiya suka tsaya. Hayaƙi ya shiga har cikin gidajen sinima, na kujerun baya ba sa ganin allo. Shanun da aka kawo baje koli suka riƙa shaƙewa. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Abin lura a nan, zirga-zirgar motoci ta tsaya da kanta a kwanakin, ba tare da wata doka ba, hazon kuma bai ko gezau ba, domin daga murhu da tashoshin lantarki yake fitowa. Iska ce ta zo ranar 9 ta kwashe shi. Dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni, ita ta hana irinsa zama abin kowace shekara.

Los Anjalis kuwa labarinta daban. A Yulin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani hazo mai sa ido ƙaiƙayi ya rufe tsakiyar birnin har wasu suka zaci harin iskar guba ne. Aka ɗora laifi kan wata masana'anta, aka rufe ta, hazo ya ci gaba da zuwa. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci da tururin fetur ya haifar da iskar ozon. Wannan hazon zafi ne, da rana tsaka yake tsananta, kuma mota ce uwarsa. Duka biyun sunansu hazo a bakin mutane, amma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Tambayar farko da ya kamata kowane birni ya yi kafin ya taɓa mota ita ce: hazonmu daga me aka yi shi?

Amsar ba ta da sauƙi, saboda abin da ake aunawa. Ma'aunin da aka fi damuwa da shi shi ne PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita biyu da rabi ba, sun fi silin gashi siranta kusan sau talatin. Hanci ba ya tace su, suna wucewa can cikin huhu, mafi ƙanƙanta har cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce matsakaicin yini bai kamata ya wuce maikirogiram 15 a kubik mita ɗaya ta iska ba. A Janairun 2013 an auna sama da 800 a Beijin. Wani ɓangare na ƙwayoyin nan kai tsaye yake fitowa, kamar baƙin hayaƙin injin dizal. Amma a ranakun hazo mai tsanani, kaso mai yawa a sama ake ƙera shi: iskar naitrojin daga salansa ta haɗu da amoniya daga taki da garken dabbobi, iskar farar wuta daga kwal ta haɗu da danshi, su dunƙule su zama ƙura bayan awanni ko kwanaki, wataƙila nisan kilomita ɗari daga inda suka fito. Na'urar da ke bakin titi tana auna hayaƙin motar da ta wuce yanzu, haɗe da na gonar da aka ƙona shekaranjiya a wata jiha.

Birnin Meziko na cikin waɗanda suka daɗe a makarantar hana motoci. A Nuwamban 1989 aka fara shirin da suke kira Hoy No Circula, ma'ana yau ba ta fita. Aka ba kowace mota ranar hutu ɗaya a mako bisa lambar ƙarshe: 5 da 6 Litinin, 7 da 8 Talata, haka har Juma'a. A takarda, an cire kashi ɗaya bisa biyar na motoci kullum. Da masanin tattalin arziki Lucas Davis ya bi bayanan na'urorin auna iska na kafin dokar da bayanta, a binciken da ya wallafa a 2008, bai ga alamar iska ta gyaru ba. Abin da ya gani shi ne yawan motoci ya ƙaru. Mai hali ya sayi mota ta biyu mai wata lambar, kuma da yake ta rana ɗaya ce a mako, tsohuwa ya nema mai arha, wadda ta fi ta farkon hayaƙi. Sauran ranakun kuma ba a bar ta a ajiye ba, matar gida ko ɗa ya ɗauka. Wasu suka koma tasi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mutum dai ba ya rasa dabara. A Jakarta, inda aka daɗe da dokar cewa sai mota na ɗauke da mutum uku za ta bi wasu manyan tituna a lokacin cunkoso, sana'a ce ta tsiro: mutane su jeru a bakin hanya suna ɗaga yatsa, direba ya ɗauki biyu ya biya su don su cika masa adadi, wasu mata har da goyo don a ƙirga su biyu. A 2016 aka soke dokar aka koma tsarin cika da mara.

Beijin ta fi samun abin nunawa, kuma dalilan a fili suke. A wasannin Olamfik na 2008 an yi wata biyu cur ana cika da mara, daga 20 ga Yuli zuwa 20 ga Satumba, amma tare da rufe masana'antu da tsayar da gine-gine har a lardunan maƙwabta, sannan aka yi dace da ruwan sama. A taron APEC, na shugabannin ƙasashen yankin Asiya da Fasifik, a Nuwamban 2014 aka maimaita, aka ba ma'aikatan gwamnati hutu, aka rage aikin masana'antu a Hebei da Tianjin da sauran kewaye. Sama ta yi shuɗi har mutanen birnin suka raɗa mata suna shuɗin APEC, kalmar ta zama habaici ga duk abu mai kyau da ba ya daɗewa. Dabarar mota ta biyu ma ba ta da sauƙi a can, domin tun 2011 sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami sabuwar lambar mota. Wani abin dariya: a tsarinsu na yau da kullum, inda ake hutar da lambobi biyu kowace ranar aiki, ranar da ta faɗa kan 4 da 9 ta fi kowace cunkoso, saboda Sinawa na ƙyamar lamba huɗu don furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa, masu ita kaɗan ne. Masu bincike sun ji daɗin wannan camfi, ya ba su ranakun da motoci suka fi yawa ba tare da ruwan yanayi ba, abin da ke da wuyar samu.

A Delhi ne na fi ganin yadda doka ke iya yin ƙara mai yawa da aiki kaɗan. Gwamnatin Arvind Kejriwal, babban ministan Delhi na lokacin, ta gwada cika da mara daga 1 zuwa 15 ga Janairu, 2016, daga takwas na safe zuwa takwas na dare, ban da Lahadi, tarar rufi 2,000 ga wanda ya karya. 'Yan sa-kai suka tsaya a mahaɗar tituna suna miƙa wa masu laifi furen wardi don su ji kunya. Tituna sun yi sauƙi, wannan kowa ya shaida. Amma dubi waɗanda aka ɗauke wa: babura, waɗanda su ne kusan kashi biyu bisa uku na ababen hawan da aka yi wa rajista a birnin, mata masu tuƙi su kaɗai, motoci masu amfani da iskar gas, manyan jami'ai. Abin da ya rage ɗan yanki ne na ɗan yanki. Ƙiyasin masu bincike kan raguwar PM2.5 a zagayen Janairu ya kama daga kashi kaɗan zuwa goma da 'yan kai, a zagaye na biyu da aka yi a Afrilun shekarar kuma da ƙyar aka ga wani tasiri. An sake yi a Nuwamban 2019.

Nuwamba kuwa wata ne da motar Delhi ba ita kaɗai ke magana ba. Manoman jihohin Punjab da Haryana na girbe shinkafa, kuma mako biyu zuwa uku kawai gare su kafin shukar alkama. Injin girbi yana barin kara tsaye a gona, hanya mafi arha ita ce ashana. Akwai wani ƙulli a nan da ke nuna yadda gyaran wani abu ke ɓata wani. A 2009 Punjab ta kafa dokar hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, don a jira damina a rage zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dashe ya ja baya, girbi ya ja baya, ƙonawa ta matsa zuwa ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, daidai lokacin da iska ke mutuwa murfi ke saukowa, kuma 'yar iskar da ta rage daga arewa maso yamma take busowa, kai tsaye zuwa Delhi. Rabon hayaƙin gona a ƙurar birnin yakan haura kashi 40 a wasu ranaku, wasu ranakun ko biyar bai kai ba, ya danganta da inda iska ta fuskanta. Sai ga wasan tartsatsin wuta na bikin Diwali a tsakiya. Duk da haka bai kamata 'yan birni su fake da manomi ba. A Disamba da Janairu an gama ƙona gonaki, iskar Delhi kuma tana nan da muninta, daga motoci da ƙurar gini da ƙona shara da itacen girki da na jin ɗumi.

Faris ta yi nata gwajin na kwana ɗaya tak, ranar 17 ga Maris, 2014, masu lambar mara suka fita, aka sa jirgin ƙasa da bas kyauta. Hukumar Airparif mai auna iskar yankin ta ƙiyasta zirga-zirga ta ragu da kusan kashi 18 a cikin birnin, ƙurar bakin titi ta ragu da kusan kashi 6, iskar naitrojin kuma da kusan kashi 10. Hazon Maris a Faransa yana da alaƙa da takin da ake watsawa a gonaki a lokacin. Abin da Faransawa suka koya shi ne lambar mota ba ta san hayaƙi ba: tana hana sabuwar mota mai tsabta, ta bar tsohuwar dizal ta wuce don kawai ta ƙare da 7. Daga 2017 suka koma manna takardar Crit'Air a gilashi, mai nuna ajin hayaƙin mota, ranar hazo a hana mafi ƙazanta. Landan ta bi wannan tunani da yankinta na ƙarancin hayaƙi da ake kira ULEZ daga Afrilun 2019, inda motar da ba ta cika ƙa'ida ba ke biyan fam 12.50 a yini, aka faɗaɗa shi ga dukan birnin a Agustan 2023.

Gwajin da babu gwamnatin da za ta iya shiryawa da gangan, annobar korona ta yi shi. A ƙarshen Janairu da Fabrairun 2020 titunan biranen Sin suka zama wayam, taurarin ɗan Adam suka nuna iskar naitrojin ta faɗi warwas. Amma a cikin makonnin nan ne hazo mai kauri ya sake rufe Beijin da kewayenta. Iska ta tsaya, laima ta yi yawa, tashoshin lantarki da masana'antun ƙarfe da ɗumama gidaje ba su tsaya ba. Akwai kuma wani juyin sinadarai da ke ba mutane mamaki: sabon hayaƙin salansa yana cinye ozon da ke kusa da shi, don haka da aka rage hayaƙin sai ozon ya ƙaru a tsakiyar birane, shi kuma ya hanzarta mayar da sauran iskoki ƙura. A Indiya kuwa, inda kulle ya fara a ƙarshen Maris, sama ta washe har mutanen Jalandhar suka hango tsaunuka masu ƙanƙara daga kan rufin gidajensu. Amma can an tsayar da mota da masana'anta da gini gaba ɗaya, kuma a lokacin zafi ne, murfi na can sama.

Kada a ɗauka ina cewa hana motoci aikin banza ne. Matsakaicin birni yana ɓoye wani abu. Iskar naitrojin da baƙin hayaƙin dizal sun fi yawa a bakin babbar hanya, suna raguwa sosai bayan 'yan ɗaruruwan mitoci. Ɗan sandan hanya, mai talla a mahaɗa, yaron da makarantarsa ke kallon titi, su ne ke shaƙar mafi muni, kuma su ne ke fara samun sauƙi idan motoci suka ragu, ko da na'urar da ke tsakiyar lambu ba ta nuna komai ba. Sannan a ranar da asibitoci suka cika da masu asma da ciwon zuciya, kashi biyar ma rayuka ne. Matsalata da yadda ake yin dokar ne. Galibi sai hazo ya riga ya taru, hotuna sun cika kafafen sada zumunta, sannan a sanar. A lokacin ɗaki ya riga ya cika, rufe famfo ba ya kwashe ruwan da ya malala. Jan gargaɗin Beijin na 2015 ma ya zo ne bayan an sha suka, domin mako guda kafinsa an yi hazon da ya fi shi muni ba a ayyana ba. Tunda masu hasashe na iya hango murfi kwana biyu ko uku kafin ya sauko, lokacin rage hayaƙi shi ne tun sama na shuɗi, kuma wannan ne lokacin da ya fi wuya ɗan siyasa ya ce wa mutane su ajiye mota. Tsarin matakai na Delhi, wanda aka fara a 2017 kuma a matakinsa na huɗu ake hana manyan motocin dizal shiga a tsayar da gine-gine, daga baya an gyara shi don a riƙa aiki da hasashe saboda wannan dalili.

Wajen auna nasara ma ana yawan ruɗin kai. Tunda a ƙololuwar hazo ake kafa doka, kusan duk abin da ya biyo baya sauƙi ne, ko an yi doka ko ba a yi ba, kamar mai mura da ya sha magani a rana ta shida. Idan kuma murfi ya ƙara saukowa a kwanakin dokar, sai a ce ta gaza, alhali wataƙila da babu ita abin ya fi haka. Kwatanta jiya da yau ba ya gaya maka komai. Masu binciken kirki kan kwatanta birnin da maƙwabtansa da ke ƙarƙashin yanayi ɗaya amma babu doka, ko su yi lissafin abin da iska da laima da tsayin murfi za su haifar su cire shi, su ga abin da ya saura. Duk sanarwar da ta ce gurɓata ta ragu da kaza bayan doka, ba ta ambaci iska ba, a karɓe ta da hannu ɗaya.

Inda lambobi suka sauka da gaske, a shekaru aka gani. Matsakaicin PM2.5 na shekara a Beijin ya kai kusan 89 a 2013, ya sauko 58 a 2017, ya kai 33 a 2021. Duwatsun na nan, murfi na zuwa kowane hunturu, kuma yawan motoci ƙaruwa ya yi. Abin da aka yi shi ne rufe manyan tashoshin kwal huɗu na birnin, na ƙarshe a 2017, da kwashe tsofaffin motoci daga hanya, da tsaurara ƙa'idar mai da ta injin, da raba miliyoyin gidaje a kewaye da murhun kwal a koma gas ko lantarki. Ba a yi shi kyauta ba. A hunturun 2017 an cire murhun kwal a ƙauyuka da dama na Hebei kafin bututun gas ya iso, gas ɗin ma ya yi ƙaranci, aka ga hotunan 'yan makaranta suna karatu a tsakar fili suna neman ɗumin rana saboda aji ya fi waje sanyi. A farkon Disamba ma'aikatar kare muhalli ta aika takardar gaggawa, ta ce duk inda ba a kammala aikin ba a bar mutane su ƙona kwal ɗinsu.